Yadda Ake Zaɓen Babur ɗin Tsere na Farko ga Sabon Mahayi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ya ga babban babur ɗin tsere ya wuce, mahayinsa ya kwanta a kan tanki, ƙarar salansa tana bin sa a baya kamar tsawa, ya san yadda sha'awar wannan abin hawa take shiga zuciyar saurayi ba tare da sallama ba. Irin wannan babur, wanda matasa suke kira fawa-bayik, an ƙera shi ne da siffar baburan filin gasa: jikinsa a lulluɓe da roba domin ya tsaga iska, hannayensa a ƙasa, matakan ƙafarsa a baya, injinsa kuma mai son juyi da sauri. Matsalar ita ce, babur ɗin da ya ja hankalin mutum a titi kusan kullum shi ne wanda bai kamata ya fara da shi ba. Sabon mahayi zai yi kuskure ko yana so ko ba ya so, zai murɗa totur fiye da kima, zai cafki birki a firgice, zai shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinsa, saboda haka abin da ya kamata ya nema shi ne babur ɗin da zai yafe masa waɗannan kurakurai har ya koyi darasinsu yana da rai da gaɓoɓinsa.

Mataki na farko: ka faɗa wa kanka gaskiya game da abin da ka iya

Yawancin masu neman babur ɗin tsere a garuruwanmu ba baƙin babur ba ne. Sun taso suna hawa Boxer ko Jincheng ko roba-roba, wasu ma sun yi shekaru suna achaba, don haka idan aka kira su sababbin mahaya sai su ji an raina su. Wannan gogewa tana da amfani ƙwarai, domin ta koya wa mutum daidaita jikinsa, da sakin kuloci, da karanta halin direbobin tasi da na a-daidaita-sahu tun kafin su karya kan abin hawansu. Sai dai tana zuwa da wasu ɗabi'u waɗanda ƙaramin babur yake haƙuri da su, babba kuwa ba ya yi.

Ta farko ita ce dogaro da birkin ƙafa. Mun taso muna jin ana cewa birkin gaba yana kayar da mutum, har wasu sukan bar shi a kwance ba ya kamawa. A babur ɗin tsere kuwa, da zarar an fara rage gudu nauyi yana komawa kan tayar gaba, kuma ita ce take yin mafi yawan aikin tsayawa, ta baya kuma sai ta yi sakayau, tana kullewa da ɗan taki kaɗan. Ta biyu ita ce murɗa totur har ƙarshe. Boxer mai cc 100 ƙarfinsa bai wuce na doki 8 da 'yan kai ba (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), saboda haka hannun da ya saba da shi ya saba murɗawa ba tare da lissafi ba. Ta uku ita ce tsarin giya: a ƙananan babura da yawa gefe ɗaya ake taka giyoyi duka, amma a babur ɗin tsere giya ta ɗaya ƙasa take, sauran biyar kuma sama ake ɗaga su da bayan ƙafa. Wanda ƙafarsa ta tuna da tsohon tsari a lokacin da yake gudu zai saukar da giya a inda ya yi niyyar ƙarawa, tayar baya ta yi tirjiya.

A shekarar 1981 aka fitar da wani bincike a Amurka wanda Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, inda aka bi diddigin haɗurran babur kusan 900 a yankin Los Angeles. An gano cewa fiye da rabin mahayan ba su kai wata 5 a kan babur ɗin da suka yi haɗari da shi ba, ko da wasunsu sun daɗe suna hawa wasu babura, kuma kuskuren da aka fi gani wajen tsayawar gaggawa shi ne danne birkin baya har taya ta zame tare da ƙin kama na gaba yadda ya kamata. Binciken ya tsufa, kuma titunan Los Angeles ba na Kano ba ne, amma duk ɗan achabar da ya karanta wannan bayani zai ga hoton kansa a ciki.

Mataki na biyu: ka daina auna babur da cc kaɗai

Nan ne mafi yawan masu saye suke ɓata, don haka ya kamata a tsaya a kai. Lambar cc tana nuna girman cikin silindar inji ne kawai, ba ta faɗin ƙarfinsa, ba ta kuma faɗin yadda yake sakin ƙarfin. Misali zai fi fito da maganar. Kawasaki Ninja 650 yana da cc 649 da silinda biyu, ƙarfinsa kimanin doki 67. Yamaha YZF-R6 yana da cc 599 da silinda huɗu, ƙarfinsa ya kusa doki 120. Wanda yake kallon cc zai ɗauka R6 ne ƙarami, alhali ƙarfinsa ya kusa ninka na wancan. Akwai ma Kawasaki ZX-4RR mai cc 399 kacal wanda ya haura doki 70 a wasu kasuwanni, saboda shi ma silinda huɗu gare shi.

Bambancin da ya fi lamba muhimmanci shi ne halin injin. Inji mai silinda ɗaya ko biyu yana ba da ƙarfinsa a jere, gwargwadon yadda ka murɗa gwargwadon yadda zai ja, kuma hannunka yana koyon wannan lissafi cikin 'yan kwanaki. Inji mai silinda huɗu na rukunin cc 600, irin su R6 da Honda CBR600RR da Suzuki GSX-R600, an gina shi ne don filin gasa, inda ake riƙe shi a juyi mai yawa. A ƙasan juyi 7,000 ko 8,000 a minti yana da ladabi har mutum ya ce ashe abin da ake ta tsoro ke nan, amma daga nan zuwa wajen 15,000 sai ya zama wani babur daban, ya fizge ka a lokacin da jikinka ya koma baya, komawar jikin kuma ta sa hannunka ya ƙara murɗa totur ba da saninka ba. Ladabin nan na farko shi ne tarkon. Na rukunin 1000, kamar Yamaha R1 da BMW S1000RR masu ƙarfin doki kusan 200, suna iya haura kilomita 120 a sa'a tun a giya ta ɗaya, wato sun ninka iyakar gudun cikin gari ta kilomita 50 fiye da sau biyu kafin a taɓa giya ta biyu. Suzuki Hayabusa, wanda tun fitowarsa a 1999 ya zama mafarkin samari, ya haɗa irin wannan ƙarfi da nauyin da ya haura kilo 260.

Ƙasashen Turai sun warware wannan muhawara da doka. Tun daga 2013, a Tarayyar Turai saurayin da ya samu lasisin da ake kira A2 ba ya hawa babur ɗin da ya wuce kilowat 35, wato kimanin doki 47, kuma sai ya yi shekara 2 a wannan mataki kafin ya haura zuwa babba, in ba haka ba ya jira ya kai shekara 24. A Najeriya lasisin rukunin A ba ya raba babura haka, saboda haka kai ne za ka kafa wa kanka wannan iyaka. Shawarata ita ce ka ɗauki doki 47 a matsayin rufi, ka nemi babur mai silinda ɗaya ko biyu, mai cc tsakanin 250 da 500, wanda nauyinsa da mai a ciki bai kai kilo 200 ba. Kada kuma ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne, domin babur mai doki 45 ya fi Boxer ƙarfi sau biyar, kuma zai bar yawancin motocin da ke titi a baya tun daga danja.

Mataki na uku: ka rage zaɓinka zuwa biyu ko uku

Kamfanonin Japan sun ƙera babura musamman don wannan mataki. Kawasaki Ninja 250R shi ne tsohon hannu, sai Ninja 300 mai cc 296 da doki kusan 39 ya gaje shi a 2013, sannan Ninja 400 mai cc 399 da doki 45 ya fito a 2018, nauyinsa kilo 168 kacal. Yamaha YZF-R3, wanda ya fito a 2015, yana da cc 321 da doki kusan 42, kuma siffarsa ta yi kama da ta yayyensa manya har wanda bai sani ba zai ɗauka R6 ne. A wajen Honda akwai CBR250R da CBR300R masu silinda ɗaya, marasa cin mai da sauƙin gyara, sai CBR500R mai cc 471 wanda aka tsaida ƙarfinsa daidai kan doki 47. Ya fi sauran nauyi, kusan kilo 190, amma ya fi su kwanciya a doguwar tafiya, kuma ya fi dacewa da mutum mai jiki.

Daga Indiya akwai Bajaj Pulsar RS200 da Yamaha R15, waɗanda ƙarfinsu ya fi ƙanƙanta, suna kuma da kyau ga wanda bai taɓa riƙe kuloci ba sam. KTM RC 390, wanda Bajaj yake haɗawa a Indiya, yana cikin iyakar ƙarfin da muka ambata, amma zamansa a sunkuye yake ƙwarai, sirdinsa yana da tsawo, injinsa kuma yana ɗaukar zafi a cunkoso, don haka ni ba zan sa shi a sahun farko ga mai yawo a cikin gari ba.

Idan aka tambaye ni guda ɗaya, zan ce Ninja 400 ko R3, gwargwadon wanda aka samu mai lafiya. Amma akwai tambayar da ta fi sunan babur nauyi, wato wanene zai gyara shi, kuma daga ina kayansa za su fito. Kafin ka biya ko sisi, ka nemo bakaniken da ya saba da manyan babura a garinku, ka tambaye shi wane iri ne ya fi zuwa wajensa, kuma kwana nawa ake yi kafin a samu fatar birki da matatar mai da sarƙa da taya. Bakaniken bakin titi, komai ƙwarewarsa a kan Jincheng, bai saba da injin da kwamfuta take ba shi mai ba, kuma babur ɗin da ya yi wata uku a soro yana jiran wani ɗan ƙarfe daga Legas ko Dubai ba babur ba ne, kayan ado ne.

Mataki na huɗu: ka hau, ka zauna, ka tura

Babur kamar takalmi ne, ba a sayensa da ido. Ka zauna a kai da takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka ga ko ƙafafunka biyu suna taɓa ƙasa, aƙalla da gaban tafin kowace. Tsawon sirdin R3 milimita 780 ne, na Ninja 400 kuma 785, alhali na R6 ya kai 850, kuma wannan tazarar ta 'yan yatsu ita ce bambanci tsakanin tsayawa lafiya da faɗuwa a gaban jama'a idan ƙafarka ta sauka a kan yashi ko cikin ɗan rami. Ka riƙe hannayen babur ɗin na mintuna biyar, ka ji ko nauyinka yana kan wuyan hannu ko gwiwoyinka ne suka riƙe tanki, ka kuma juya kanka ka ga ko kana iya duba bayanka ba tare da wahala ba. Sannan ka sauka ka tura shi gaba da baya, ka juya shi kamar yadda za ka yi a ƙofar gida, domin yawancin faɗuwar farko a tsaye ake yin ta ko a tafiyar hawainiya.

Ka kuma tuna irin hanyar da kake bi kullum. Tsakanin cikin Ninja 400 da ƙasa bai fi milimita 140 ba, ƙafafunsa kuma na ƙarfen zubi ne masu lanƙwasawa ko tsagewa idan suka faɗa babban rami da gudu. Idan daga gidanku zuwa kwalta akwai kilomita biyu na burji da kwatami da tudun rage gudu irin na unguwa, wanda kowa yake gina nasa yadda ya ga dama, to ka yi tunanin ɗan'uwansa marar rufin roba, kamar Kawasaki Z400 ko Yamaha MT-03 ko Honda CB500F, waɗanda injinsu ɗaya ne da na waɗancan amma zamansu a miƙe yake, kuma idan suka faɗi babu roba mai tsada da za ta fashe.

Mataki na biyar: ka nemi birkin da ba ya kulle taya

Wannan tsari, wanda aka sani da ABS, yana sa ido a kan juyin kowace taya, idan ya ga za ta kulle sai ya sassauta birkin ya sake kamawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ga wanda ya saba cafkar birki a firgice, a kan titin da ƙurar hunturu ta lulluɓe ko ruwan farkon damina ya jiƙa, babu wani ƙari da ya kai shi daraja. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga sababbin baburan da suka haura cc 125 tun daga 2016 da 2017, Indiya ma ta bi sahu a 2019, amma a Amurka an ci gaba da sayar da iri ɗaya mai shi da marar shi, don haka kada ka yarda da bakin dillali. Ka duƙa ka duba tsakiyar faifan birkin gaba: idan akwai ƙaramin zobe mai ramuka a jere da wata 'yar waya kusa da shi, to akwai. Idan ka kunna makulli fitilarsa za ta kama a allo, kuma ya kamata ta mutu da zarar babur ya fara tafiya.

Mataki na shida: ka cire kuɗin kariya kafin ka san kuɗin babur

Kuskuren da aka saba shi ne a zuba duk abin da aka tara a kan babur, a hau shi da silifas da hular zanna. Ka juya lissafin, ka fara ware kuɗin kayan kariya da takardu da gyaran farko, abin da ya rage shi ne kuɗin babur ɗinka na gaskiya. A binciken Hurt da aka ambata, matsakaicin gudun da mahaya suke yi gab da haɗari bai kai kilomita 50 a sa'a ba, wato gudun zuwa kasuwa ne, kuma a wannan gudu ma kwalta tana cin fata kamar dutsen niƙa.

Hular kwano ita ce ta farko, kuma mai rufe fuska duka har da haɓa ake nufi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano tun ranar 1 ga Janairun 2009, amma 'yar robar da ake ɗorawa a ka don kauce wa kamu ba ta kare komai. Ka duba igiyar haɓa ka ga ko an ɗinka wani ɗan ƙyalle mai harafin E a cikin da'ira da lambar da ta fara da 05 ko 06, wato ma'aunin Turai na ECE 22.05 ko 22.06. Tambarin DOT na Amurka da ake liƙawa a baya ba shi da wuyar kwaikwayo, don haka shi kaɗai bai isa shaida ba. Hular ta matse kumatu ba tare da ciwo ba, kada kuma ta juya idan ka girgiza kai. Kada ka sayi ta hannu, domin soson da ke cikinta aikin bugu ɗaya yake yi, kuma ba a ganin mutuwarsa daga waje.

Bayan ta sai safar hannu mai kauri, saboda tafin hannu ne yake fara isa ƙasa, sai takalmi mai rufe idon sawu, sai riga mai makari a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. A zafin watan Afrilu babu wanda zai jure rigar fata, amma akwai masu saƙar raga waɗanda iska take ratsawa, su ne suka dace da mu. Dogon kaftani da babbar riga kuma ba su da wuri a kan wannan babur, domin sarƙa da tayar baya a buɗe suke, kuma ba sa sakin abin da suka kama. Ranar Juma'a ko ɗaurin aure, a naɗe su a jaka a sa idan an isa.

Mataki na bakwai: binciken na hannu

Babur na farko ya fi kyau ya zama na hannu mai lafiya, domin zai faɗi aƙalla sau ɗaya, kuma ƙujewar tsoho ba ta kai ta sabo ciwo a zuciya da aljihu ba. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka an sayo su ne a gwanjon abubuwan hawa da suka yi haɗari, aka gyara musu fuska, don haka ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma da rana tsaka.

Ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka kuma taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa, saboda inji mai matsala yakan ɓoye ta idan ya yi ɗumi. Idan ya tashi, ka saurari ƙara, ka duba hayaƙi: shuɗi yana nufin yana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa kuma yana iya nufin ruwan lagireto yana shiga inji, musamman idan baƙin man ya koma launin shayi da madara. Ka bar shi yana aiki har fankar lagireto ta kama da kanta, domin a cunkoson garuruwanmu wannan fanka ita ce ran injin. Alamun faɗuwa suna ƙarshen hannaye da bakin marikin birki da kuloci da matakan ƙafa da gefen salansa, amma ƙujewa kaɗai ba abin tsoro ba ce. Abin tsoro shi ne walda ko tsaga a jikin firam, musamman a wuya, da ƙarfen da ke tsaida juyin kan babur idan ya karye ko ya lotsa, domin wannan shaidar karo ne mai ƙarfi. Ka duba sandunan shokazoba na gaba ko suna zubar da mai ko sun karkace, ka tsaya daga baya ka ga ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya, ka kuma duba haƙoran da sarƙa take hawa, idan sun yi tsini ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya to sai an sauya su tare da sarƙar.

Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara 5 ko 6 ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, sai ka cire kuɗin sababbi biyu daga farashi. Idan babur ɗin daga Amurka yake, lambar tafiyarsa da mil take, kowane mil kuma kilomita 1.6 ne, don haka 20,000 a allo na nufin kilomita 32,000. Idan kuma ka ga an yanke salansa don ƙara, an cire madubai, tayar baya ta cinye a tsakiya kamar an goge ta, to ka san irin rayuwar da ya yi a hannun mai shi, ka ba shi haƙuri ka wuce.

Mataki na takwas: takardu

Lambar firam mai haruffa da lambobi 17 tana wuyan babur, kuma dole ta yi daidai da wadda ke takardun kwastam da na rajista, ba tare da alamar gogewa ko sake bugawa ba. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a yi rajista da sunanka, a karɓi lamba, a yi inshora, kai kuma ka mallaki lasisin rukunin A. Ka bincika dokar jiharku, domin jihohi da dama a Arewa da wasu yankunan Nijar sun taɓa taƙaita lokaci ko wuraren hawan babur saboda tsaro, dokar hanya ta Legas ta 2012 kuma ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba hawa manyan tituna.

Mataki na tara: makonnin farko

Ranar da ka karɓi makulli, kada ka fara da babban titi. Ka sauya baƙin mai da matatarsa, ka auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi bisa abin da aka rubuta a jikin babur, ba bisa ɗanyatsan mai faci ba, sannan ka nemi fili mai kwalta marar mutane. A can za ka koyi tashi da tsayawa, da juyawa a ƙunci kana wasa da kuloci da birkin baya, da tsayawar gaggawa daga kilomita 30 sannan 40 sannan 50, kana matsa birkin gaba a hankali da farko don nauyi ya sauka a kan taya, sannan ka ƙara ƙarfi. Idan akwai makarantar koyon babur ko gogaggen mahayi mai natsuwa, ka biya ka koya, domin ya fi sabuwar roba araha.

Abu biyu ne ƙaramin babur ba ya tilasta maka saninsu amma wannan zai tilasta. Na farko, idan gudu ya wuce na keke, ana karkatar da babur zuwa dama ne ta hanyar ɗan tura hannun dama gaba, zuwa hagu kuma a tura na hagu. Jikinka ya daɗe yana yin haka bai sani ba, amma sai ka san shi da hankali kafin ka iya kauce wa akuya ko rami cikin ƙiftawar ido. Na biyu, babur yana zuwa inda idonka yake kallo, saboda haka a kwana ka kalli mafita, kada ka kafe ido a kan kwalbati ko motar da kake tsoro. Ka riƙe wannan lissafi kuma: a gudun kilomita 100 kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa tana ninkawa huɗu. Direban da ke shirin karya hagu a gabanka ya saba auna gudun achaba ne, don haka zai ga fitilarka daga nesa ya ɗauka yana da lokaci.

Ka sha mai a gidan man da ka amince da shi, domin man bumburutu mai datti ko gauraye yana toshe famfon mai da bututun feshi, gyaransu kuma ba na kuɗin shayi ba ne. Ka wanke sarƙa ka shafa mata mai kusan kowane kilomita 500, a lokacin ƙura ma kafin haka. A watannin farko kada ka ɗauki kowa a baya, kada ka shiga ayarin rakiyar amarya inda ake gasar ɗaga taya, kada kuma ka ba abokin da ya ce a ba shi ya ɗan ɗana, ko da zai yi fushi na mako guda. Idan ka yi shekara guda ko biyu, ka ga damina da hunturu a kansa, ka cinye taya ɗaya ta baya, kuma tsayawar gaggawa ta zame maka abin da hannu yake yi da kansa, to mataki na gaba shi ne mai silinda biyu na rukunin 650 zuwa 700, kamar Ninja 650 ko Suzuki SV650 ko Yamaha R7, kuma ƙaramin da ka kula da shi ba zai rasa mai saye ba a cikin masu tasowa bayanka.